Tsinken Ashana Uku a Bukkar Baba

Zuwa ga yayana Torleif,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan saman duniya zuwa can ƙasanta inda ka je ka maƙale. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Maree da yaran duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a bakin aikinka na tashar jiragen ruwa, ya raya mana Ingunn da ƙaninta Eilif. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Makon jiya rana ta leƙo mana bayan dogon yajin da take yi mana duk hunturu, muka fita bakin gada muka tarye ta da burodi mai zaƙi kamar kowace shekara, maigidana Steinar ya cinye nasa ya haɗa da rabin nawa. Na san ku yanzu kuna can birnin Hobart kuna kukan zafi. Kada ka kuskura ka rubuto mini wannan kukan, don ba zan tausaya maka ba. 'Yarmu Oddny ta gama karatun jinya, ta sami aiki a nan kusa da mu, har ta fara yi mana faɗa a kan gishiri. Gwaggo Petra ta warware daga faɗuwar da ta yi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Baba yana nan da ƙarfinsa, in ban da gwiwar hagu, wadda ke sa nake kai shi wurin masu gashin ƙashi kowace Juma'a. Ba ya tambayarka kai tsaye, ka san halinsa tun da kuka yi saɓani a kan jirgin kamun kifi, ya ce ka gaje shi, ka ce a'a, ka tattara ka tafi. Sai dai ya dubi taga ya ce ko ana samun kifin kirki a can ƙasan duniya, ni kuma in gane inda ya dosa, in ba shi labarinku. A kansa ne na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda, domin wani abu ya faru da ya hana ni sakat tun kaka, kuma ka san ni da son sanin ƙwaƙwaf.

Ka tuna tsohon rumbun kifin nan na bakin tasha da aka mayar gidan tarihin tafiye-tafiyen ƙanƙara? Ba ka taɓa ganin cikinsa ba tun da aka gyara. Akwai amalanken karnuka na masu neman ƙarshen duniya, da rigunan fata, da taswirori, da wani farin beyar da aka cusa wa ciyawa yana tsaye yana tsorata yara. A lungun baya kuma aka gina bukkar mafarauta irin ta tsibiran ƙanƙara na Svalbard, daidai da wadda Baba ya yi hunturu a cikinta yana saurayi, lokacin da yake kafa wa farar yanyawa tarko. Shi ya tsaya a kan maginan har suka gaji da shi. Murhun ƙarfen da ke ciki nasa ne na ainihi, haka butar gahawa da gadon katako. Tun rasuwar Mama, Laraba da Asabar yake zuwa ya zauna a kan gadon nan da hularsa, baƙi su shigo su yi masa tambayoyi, ya amsa wadda ya ga dama. Yaya, in gaya maka gaskiya, wannan zaman ne ke tashinsa daga barci. Kafin a ba shi, sai ya wuni a kujera da rigar barci, bai aske gemu ba, bai taɓa abinci ba. Yanzu tun daren Talata yake goge takalmi.

To, tun farkon kaka sai ma'aikatan gidan suka fara ganin abin mamaki. Murhun nan da ya kamata ya kasance fanko, sai a buɗe a tarar an jera masa ƙirare da ɓawon itace, a shirye tsaf, wuta kawai yake jira. A kansa kuma ga kwalin ashana a ɗan buɗe, tsinke uku sun leƙo waje. Ashana ta gaske, mai kamawa. Ni da kai ba ma buƙatar a fassara mana, don da ita aka raine mu: ba a barin bukka da murhu fanko, ko bukkar wa ce, ko da wa za ya zo bayanka. Wanda ya iso daga cikin guguwa yatsunsa sun mutu, ba zai iya fasa itace ba, ba zai iya buɗe kwali ba, amma zai iya cafkar tsinken da ya leƙo da haƙora ko da tafin hannu. Ka tuna ranar da Baba ya juyo da mu daga rabin hanya a kwalekwale, don kawai ka manta ka zaro tsinkayen a bukkarmu ta bakin ruwa? Har yau ina jin haushinka a kan wannan tuƙin.

Amma gidan tarihi ba jeji ba ne. Ginin katako ne zalla, ya sha man kifi tun zamanin kakanninmu, cike yake da fatu da igiyoyi masu kwalta. Vigdis, shugabar gidan, mace ce mai hankali, kuma tana son Baba. Ta kwashe itacen da ashanar ta yi shiru. Mako ya zagayo suka dawo. Ta sake kwashewa, suka sake dawowa. Ana cikin haka 'yan makaranta suka zo ziyara, wata yarinya ta zari tsinke ɗaya ta ƙyasta don ta ga ko na gaske ne. Malamarsu ta hure shi nan take, ba abin da ya ƙone, amma magana ta kai kunnen kwamitin gidan. Suka yanke cewa in ba a gano mai yi ba an tsayar da abin, za a toshe ƙofar bukkar da gilashi, kowa ya riƙa leƙe daga waje. Ba mai shiga, har da Baba. Kuma kowa Baba yake zargi, domin tun ranar da aka buɗe bukkar ya yi ta mita cewa barin murhu fanko abin kunya ne.

Vigdis ta kira shi ofis, ni na raka shi. Cikin ladabi ta tambaye shi ko shi ne. Ya juya hularsa a hannu, ya ce murhun dai nasa ne. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Sai ya ɗaga kai ya ce, “To, ni ne. Ku sa gilashinku.” Ta ce in zai yi alkawarin dainawa za ta roƙi kwamiti, ya ce shi ba ya alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Muka fito, ni raina a ɓace, shi kuma ko a jikinsa. A mota na yi masa tas. Na ce ashe zai yar da abu ɗaya da ya rage masa saboda taurin kai, ya koma kujerar nan ya ruɓe ina kallo? Sai kawai ya ce in kula da hanya akwai santsi.

Da na huce sai na fara lissafi a raina, abin ya ƙi haɗuwa. Na tambayi mai sayar da tikiti wace rana ake ganin ashanar, ta ce da yammacin Juma'a, in suna zagayen rufewa. Juma'a kuwa Baba yana hannuna, daga wurin gashi sai gida, in dafa masa kifi, ya yi barcinsa. Na biyu, ta nuna mini hoton da ta ɗauka a waya. Yaya, itacen a tsaye aka jera shi, kawunansa sun haɗu a sama. Kai ka taɓa ganin Baba ya jera itace a tsaye? Shi da yake cewa a kwance ake yi, a gicciye, ɓawo a ƙasa, wanda ya tsayar kuma bai san wuta ba? Sai na tuna wata Asabar da na kai masa abinci na same shi durƙushe gaban murhun yana tsaki, yana ta motsa hannu a ciki. A lokacin na ɗauka tsafta yake yi. Nan na gane abu biyu: ba shi ba ne, kuma ya san ko wane ne.

Juma'ar da ta biyo na ce Steinar ya kai shi gashi, ni ina da uzuri. Na je gidan tarihin na sami benci bayan amalanken karnuka, inda ake hango ƙofar bukkar, na zauna da saƙata a hannu kamar wata tsohuwar da ta zo shan ɗumi. Na saƙa rabin safa ina zargin duk wanda ya gifta, har wani bawan Allah mai kyamara da bai san hawa ba bai san sauka ba. Can bayan azahar mutane suka ragu, sai ga wani dogon tsoho ya shigo da jakar cefane, yana tafe yana jan ƙafa. Bai dubi beyar ba, bai dubi taswira ba, kai tsaye ya shige bukkar. Na lallaɓa na leƙa. Ya durƙusa da ƙyar, ya fito da ƙirare daga jaka yana tsayar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire safar hannu sai na ga hannun damansa yatsa biyu ne kawai da babban yatsa. Ya tura kwalin ashana da tafin hannu, ya sunkuya ya zaro tsinkayen da haƙora. Da ya juyo muka yi ido huɗu. Hagbart ne. Hagbart ɗin nan dai da Baba ke tsallake titi in ya hango shi, wanda Mama ta hana mu tambayar dalili tun muna yara.

Bai firgita ba. Ya kare mini kallo ya ce, “Ke 'yar Jentoft ce, ga hancin nan. To, tunda kin kama ɓarawo, ɗaga shi, gwiwar ta ƙi.” Na ɗaga shi, na ja shi ɗakin shan gahawa na gidan, na sayo mana waina da jan cuku. Abin da ya fara yi shi ne ya tsiyaya gahawarsa a ɗan farantin kofi, ya saƙala ƙwayar sukari tsakanin haƙora, ya zuƙa. Yaya, ban taɓa jin ƙara irin wannan daga bakin ɗan Adam ba, har matar da ke teburin gaba ta waiwayo. Ya ga na zaro ido, ya yi dariya ya ce in saurara da kyau, wannan ƙarar ce ta raba shi da ubana.

Ashe tare suka yi hunturun nan, su biyu rak, tun suna abokai na ƙut da ƙut. Ya ce watannin farko lafiya lau, har waƙa suke yi. Da duhu ya rufe, rana ta ɗauke gaba ɗaya, sai kowa ya fara jin numfashin ɗan'uwansa yana damunsa. Baba ya ce ya daina zuƙar gahawa kamar famfon kwashe ruwan jirgi. Shi kuma ya ce sai in Baba ya daina busar bakin nan tasa mai waƙa ɗaya tal. Daga nan aka koma kan yadda ake jera itace, aka koma kan wanda ya fi cin man shanu, har wata safiya Baba ya ɗauki farantin ya wurga cikin dusar ƙanƙara. Tun daga ranar magana ta ɗauke. Suka raba layin tarko, kowa da kwanakinsa, suna kwana a ƙananan bukkokin kan hanya bi da bi don kada su haɗu. Na ce masa, duk a kan gahawa? Ya ce, “Yarinya, ba ki taɓa zama da mutum ɗaya cikin duhu wata huɗu ba. Da mala'ika aka haɗa ni, da na tsani ƙarar fukafukansa.”

Sai wata rana ƙanƙarar bakin teku ta fashe da shi, ya nutse har ƙirji. Ya fito da ikon Allah, kayan jikinsa suka daskare suka zama kamar katako. Bukka mafi kusa ita ce babbar bukkarsu, wadda Baba ya bari da safiyar ranar. Ya ce yana tafe yana faɗa wa kansa cewa ya mutu, domin a daren da ya wuce, da kwana ya haɗa su a can, ya yi wa Baba abin da ya fi zagi, ya ƙone masa busassun safofinsa da gangan, kuma ya san mutumin da aka yi wa haka ba zai tsaya jera wa maƙiyinsa itace ba. Ya banke ƙofar da kafaɗa. Murhu a shirye, a kwance, a gicciye, ɓawo a ƙasa, ga tsinke uku sun leƙo. Na farko ya karye a bakinsa, na biyu ya mutu, na uku ya kama. Yatsu biyu suka tafi, shi ya tsaya. Da jirgi ya zo ɗaukarsu da bazara ya so ya yi godiya, amma duk lokacin da ya buɗe baki sai Baba ya juya masa ƙeya. Suka sauka a tashar nan kowa ya kama gabansa, yau fiye da shekara hamsin.

Na tambaye shi me ya kawo shi yanzu. Ya ce jikarsa ce ta ja shi kallon gidan da kaka, ya buɗe murhun Jentoft ya gan shi fanko, abin ya tsaya masa a rai har ya kasa cin abinci. Murhun da ya cece shi, a ce an bar shi haka kamar na marasa tarbiyya? Shi bai san ana zargin kowa ba, bai san da maganar gilashi ba. Da na gaya masa cewa Baba ya amsa laifin, har za a raba shi da wurin zamansa, sai ya ajiye farantin a hankali. Ya ce, “Wannan tsohon jakin. Sau biyu ke nan.” Idanunsa suka kawo ruwa.

Da yamma na sami Baba a kicin yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Na ce na sha gahawa da Hagbart. Hannunsa ya tsaya, sai ya ce ashe kunnuwana suna da ƙwari. Na ce tun yaushe ya sani? Ya ce tun ranar farko, wa zai tsayar da itace kamar masu jiran mota in ba wannan ba? Ashe duk Asabar in ya tarar ma'aikata ba su kwashe ba, sai ya rushe ya sake jerawa a kwance, Juma'a kuma Hagbart ya zo ya tsayar. Ka ji fa, tsofaffi biyu suna ta gardama ta cikin murhu wata da watanni, ba wanda ya ce uffan. Na ce to me ya sa bai faɗa wa Vigdis gaskiya ba? Ya ce ba zai miƙa sunan mutum don ya bar ashana ba, ko da mutumin Hagbart ne. Na ce to me ya sa ya ƙi karɓar godiyarsa duk shekarun nan, ko girman kai ne?

Nan ne ya ajiye igiyar, ya gaya mini abin da na tabbata ko Mama bai gaya wa ba. Ya ce da safiyar nan da niyya ya fita ya bar murhun fanko. Ya kwashe ƙiraren ya watsar a waje, ya sa ashanar a aljihu, ya ce bari Hagbart ya zo ya ɗanɗana. Ya yi nisa sosai, har bukkar ta ɓace masa, sai ƙafafunsa suka ƙi gaba. Ya ce ba tausayi ba ne, ko kaɗan, a lokacin da zai ga Hagbart da ya shaƙe shi. Kawai dai jikinsa ne ya ƙi yarda, kamar wanda ya fito ba wando. Ya juya yana zagi, ya tsince itacen cikin duhu, ya jera, ya zaro tsinkayen, ya sake fita yana zagi. Ya ce, “To ki gaya mini, Solfrid, da wane ido zan tsaya mutum yana gode mini, alhali ni na san abin da na fita da shi a aljihu?” Na ce da idon wanda ya juyo. Ya yi tsaki ya ce na cika surutu kamar Gwaggo Petra.

Ranar Litinin kwamiti zai zauna, don haka da safe muka koma wurin Vigdis. Muna shiga muka tarar da Hagbart zaune da rigar zuwa coci, ya riga ya faɗi komai. Baba ya zauna a kujerar da ta fi nisa da shi, suka sa ni a tsakiya kamar shinge. Vigdis ta ce ta ji labarin, ya taɓa ta, kuma ita kanta tana ganin bukkar ta fi gaskiya da murhu a shirye. Ta kawo shawara a sa ashanar roba, ko tsinkayen da aka shafa wa jan fenti. Yaya, da ka ga abin da ya faru! Su biyun suka miƙe lokaci guda, baki ɗaya suka ce a'a. Hagbart ya ce ashanar da ba ta kamawa ta fi murhu fanko mugunta, don ta sa mutum ya saki jiki. Baba ya ce, ba tare da ya dube shi ba, “Gaya mata dai.” Wannan ce magana ta farko da ta shiga tsakaninsu, kuma ina jin su kansu ba su lura ba.

Vigdis ta murza goshi, sannan ta ce to ga nata sharaɗin, ba ragi. Itace zai zauna a murhu kullum. Ashana ta gaske kuwa sai in akwai mai tsaronta zaune a cikin bukkar, in an tashi rufewa a kulle ta a akwatin ƙarfe na ofis. Baba ya ce to wanda ya iso bayan an rufe fa? Ta ce wanda ya iso bayan an rufe ɓarawo ne, sanyi ya kashe shi. Hagbart ya fashe da dariya har da tari, Baba ya ciji leɓe don kada tasa ta fito. Kwamiti ya amince da rana tsaka, maganar gilashi ta mutu. Baba ya riƙe Laraba da Asabar ɗinsa, aka ba Hagbart Juma'a. Ban san irin nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na fito waje, na zauna a kan dakali na yi kukana na more.

Kada ka ɗauka sun rungumi juna. Larabar farko sai ga Hagbart ya bayyana da gorar gahawa da farantinsa a aljihu, wai ya manta ranarsa. Ya tsaya a ƙofa, Baba yana kan gado, suna aika saƙo ta bakina alhali gwiwoyinsu sun kusa haɗuwa. Baba ya ce gaya masa ya tare mini haske. Hagbart ya ce gaya masa ba hasken ubansa ba ne. Baƙi suka taru suna kallo, sun ɗauka shiri ne na gidan. Da Hagbart ya zuƙi gahawarsa, Baba ya rufe ido ya ce, “Hagbart, shekara hamsin, har yanzu ba a gyara famfon nan ba?” Hagbart ya ce, “Ana jiran ka koyi waƙa ta biyu.” A hanyar gida Baba ya ce mini, shi dai ba don komai ba, amma tsayuwar mutumin nan a ƙofa tana tare wa baƙi hanya, in samo masa kujera. Ya ce akwai wata a ɗakin saman rumbun kwalekwalenmu.

Ɗakinka ke nan, Yaya, inda ka koma kwana a shekarunka na ƙarshe a gida. Rabona da hawa can tun kafin rasuwar Mama, na ɗauka ƙura da yanar gizo zan tarar. Na hau tsanin nan mai tsayi ina riƙe numfashi, na tura ƙofa. Kujerar tana nan. Gadonka yana nan, an naɗe bargo a ƙafarsa. Sai idona ya kai kan ɗan murhunka. Na buɗe. Itace a jere, a kwance, a gicciye, ɓawo a ƙasa, busasshe ƙamas, ba na bara ba ne. A kai ga kwalin ashana sabo fil, irin wanda kantin bakin tasha ya fara sayarwa bana, tsinke uku sun leƙo. Ka san danshin bakin ruwa ba ya barin ashana ta yi wata biyu da rai. Wato mutumin da nake kaiwa gashin gwiwa duk Juma'a, wanda nake riƙe wa hannu ya hau matakala uku na asibiti, yana hawa tsanin nan shi kaɗai yana canza ta, shekara da shekaru, ba wanda ya sani.

Ban ce masa komai ba, na sauko da kujerar kawai. Kai ma ban ce ka yi komai ba, kai ne babba, ka fi ni sanin abin da ke tsakaninku. Na dai ga bai kamata in san wannan ni kaɗai ba.

Ka gaishe mini da Maree da kyau, ka ce na gode da zumar da ta aiko, Steinar ya kusa gamawa da ita. Ka sumbaci Ingunn da Eilif, ka ce gwaggonsu tana saƙa musu safa ko da ba su da sanyin sa ta. Steinar yana gaishe ka, Oddny tana gaishe ka, Gwaggo Petra ta ce a gaya maka ta ga hotonka, ka yi ƙiba. Hagbart ma, da bai taɓa magana da kai ba, ya ce a gaida ɗan Jentoft da ya fi ubansa wayo ya gudu inda ake da rana. Baba bai ba da saƙo ba. Ya dai tambaya jiya ko jirgin sama daga can yana daɗewa a hanya.

Kafin in sauko daga ɗakin na zari tsinke ɗaya na ƙyasta, don ka san ni, sai na gani da idona. Bugu ɗaya ya kama. Na zaro wani na cike gurbinsa, suna nan uku.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Solfrid